Alan Turing: Masanin Lissafin Da Ya Bi Diddigin Zanen Damisa

Duk wanda ya lura da zabi suna kiwo a gonakin Faru ko Bakura ya ga yadda ɗigon jikinsu ya jeru a tsare, ba tare da wani ya zana ba. Mutumin da ya fara bayyana irin wannan tsari da lissafi shi ne Alan Turing.

An haife shi a Landan ranar 23 ga Yuni, 1912, ya yi karatu a Jami'ar Kambrij. A 1936 ya rubuta maƙalar da ta zama harsashin ilimin kwamfuta, sannan a Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin waɗanda suka warware saƙonnin sirrin sojojin Jamus. Da wannan duniya ta fi saninsa.

Sai dai a 1952, yana Jami'ar Mancesta, ya juya ga halittu. Ya nuna cewa idan sinadarai biyu suna cuɗanya, kuma saurin bazuwarsu ya bambanta, fili guda kan rabu da kansa zuwa ɗigo ko layi. Ɗaya yana haɓaka kansa a inda yake, ɗayan yana riga shi yaɗuwa ya danne shi a kewaye. Ta haka ake iya samun zane irin na damisa.

A shekarar ce kuma kotu ta hukunta shi kan luwaɗi, aka tilasta masa karɓar magani a madadin ɗauri. Ya mutu ranar 7 ga Yuni, 1954, da guba a jikinsa, yana da shekara 41. Sarauniyar Ingila ta yi masa afuwa a 2013.

Bai ga amfanin aikinsa ba. Sai a 1990 masana a Faransa suka samar da zanen a ɗakin gwaji. A 2018 masu bincike a Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin suka rage saurin ɗaya daga cikin sinadaran, suka ƙera matacin ruwa mai ƙuraje da jijiyoyin da ido ba ya gani, wanda ke tare gishiri, ruwa kuma ya fi wucewa da sauri.

Shekara 66 ke nan tsakanin lissafin da matacin. Mu da ke fama da matsalar ruwan sha, ya kamata mu auna wannan kafin mu riƙa tambayar malaman jami'o'inmu ribar bincikensu a ƙarshen kowace shekarar kasafi. Wanda ya ƙi dashen itace don ba ya 'ya'ya a bana, inuwar wasu zai yi ta roƙo.