HIBARI MISORA: 'YAR MAI SAYAR DA KIFI DA TA ZAMA SARAUNIYAR MAWAƘAN JAPAN

Da wuya a shiga wani gida a Legas ko Ibadan ko Fatakwal a rasa abu ɗaya ƙirar ƙasar Japan, ko rediyo, ko babur, ko mota. Amma kaɗan ne suka san irin waƙar da maƙeran waɗannan kaya suke saurare in sun tashi daga aiki. Har shekara arba'in, watau daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu zuwa 1989, babu muryar da ta cika gidajen talakawan Japan kamar ta wata mace da ake kira Hibari Misora. Ta soma waƙa a bainar jama'a tun ba ta cika shekara goma ba, ba ta kuwa sauka daga dandali ba sai wata huɗu da 'yan kwanaki kafin mutuwarta.

An haife ta ran 29 ga watan Mayu, 1937, a unguwar Isogo cikin birnin Yokohama, babbar tashar jiragen ruwa da ke kusa da Tokyo. Ainihin sunanta Kazue Kato. Ubanta Masukichi mai sayar da kifi ne, sunan uwarta Kimie, ita ce kuma 'yar farinsu cikin 'ya'ya huɗu. A 1943 aka ɗauki uban aikin soja. Wajen taron sallamarsa yarinyar nan 'yar shekara shida ta tashi ta rera waƙa, har manya suka yi hawaye. Tun daga ran nan uwar ta ƙudura a ranta cewa waƙa ce sana'ar 'yarta.

Ran 29 ga Mayu, 1945, ranar da ta cika shekara takwas daidai, jiragen saman Amurka suka yi wa Yokohama ruwan bama-bamai, suka ƙone babban ɓangare na birnin. Cikin watan Agusta Japan ta miƙa wuya. Ana cikin wannan hali na yunwa da kango uwar ta tattara 'yan kuɗinta ta kafa ƙaramar ƙungiyar makaɗa, tana kai yarinyar duk inda aka sami masu saurare.

Alƙalai sun ƙi buga ƙararrawa

A 1946 aka kai ta gasar waƙa ta sababbin shiga wadda gidan rediyon ƙasa, watau NHK, yake shiryawa. Al'adar gasar ita ce a buga ƙararrawa don nuna matsayin mai waƙa. Da ta gama, alƙalan suka ƙi bugawa sam. Ba su ce ba ta iya ba. Abin da ya dame su shi ne ƙaramar yarinya tana rera waƙar manya da muryar babbar mace, suka ga abin bai dace ba. Ba da daɗewa ba shahararren mai tsara kiɗa Masao Koga ya saurare ta, ya yaba mata ƙwarai. Shi ne daga baya ya tsara mata kiɗan biyu daga cikin manyan waƙoƙinta.

Cikin watan Afrilu na 1947 suna yawon wasa a lardin Kochi da ke tsibirin Shikoku, sai bas ɗin da suke ciki ta yi karo da babbar mota, ta gangara gefen kwari. Yarinyar ta ji ciwo mai tsanani. Da ta warke uban ya nemi ta bar waƙa ta koma makaranta sosai, ita kuwa ta kafe, uwar ta goyi bayanta. A kusa da wurin hatsarin akwai wata tsohuwar itaciya da mutanen wurin suke girmamawa, nan ta tsaya ta yi fatan ta zama mawaƙiyar da ta fi kowa a Japan. Yau akwai dutsen tunawa da ita a kusa da itaciyar.

Wajen 1948 ta ɗauki sunan da duniya ta san ta da shi. Misora ma'anarsa kyakkyawar samaniya, Hibari kuwa sunan wata 'yar tsuntsuwa ce mai zaƙin murya wadda ke kuka tana tashi sama. A shekarar nan kuma aka gabatar da ita ga Kazuo Taoka a birnin Kobe. Shi wannan mutum shi ne shugaban Yamaguchi-gumi, ƙungiyar 'yan daba da ta zama mafi girma a Japan. A zamanin nan shirya wasanni a garuruwa yana hannun irin waɗannan ƙungiyoyi, mawaƙin da ba shi da majingina a cikinsu yakan sha wuya. Taoka ya zama uban gidanta, ita kuma ta ɗauke shi kamar uba. Wannan alaƙa ta buɗe mata ƙofofi, ta kuma bar mata tabon da bai goge ba.

Faifai da silima

A 1949, tana da shekara 12, kamfanin Nippon Columbia ya buga faifanta na fari, Kappa Boogie-Woogie. A shekarar nan ta fito a silima mai suna Kanashiki Kuchibue, watau fito mai ban tausayi, inda ta sa baƙar kwat da doguwar hula irin ta Turawa. Faifan waƙar ya sayu wajen 450,000, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 1950 ta fito a Tokyo Kid a matsayin marainiyar da ke gararamba a titi. Birane kuwa a lokacin cike suke da marayun yaƙi masu goge takalma a tashoshin jirgin ƙasa, don haka kowa ya ga ɗan gidansu a fuskarta.

Masu ilmi da manyan gari ba su karɓe ta ba. Wani sanannen marubucin waƙa, Hachiro Sato, ya rubuta a jarida yana kushe ta da kakkausan harshe, yana ganin abin ƙyama ne yarinya ta riƙa kwaikwayon manya. Amma 'yan ƙwadago da matan gida da 'yan kasuwa suka ci gaba da cika gidajen wasa.

A 1950 ta tafi Hawayi da Kaliforniya, tana cikin mawaƙan Japan na farko da suka shiga Amurka bayan yaƙi. Masu saurarenta a can mutanen Japan ne 'yan ci-rani da 'ya'yansu, waɗanda da yawansu gwamnatin Amurka ta tsare a sansani lokacin yaƙi. A 1970 ta je birnin Sao Paulo na Brazil, ƙasar da mutanen Japan suka fara zuwa aikin gonakin kofi tun 1908. Wanda ya yi zaman baƙunta ya san abin da waƙa da harshen gida take yi wa zuciya, kuma irin waƙoƙin da ta fi shahara da su, waɗanda ake kira enka, mafi yawansu a kan kewar gida ne, da rabuwa, da tashar jirgin ruwa, da mutumin da ya tafi bai dawo ba.

A 1952 waƙarta Ringo Oiwake ta sayu wajen 700,000. A 1954 ta fara fitowa a Kohaku, gasar da NHK ke yi daren ƙarshen shekara tsakanin mawaƙa maza da mata, wadda a da kusan kowane gida a Japan yake kallo. A 1955 ta haɗu da wasu 'yan mata biyu sa'o'inta, Chiemi Eri da Izumi Yukimura, suka yi silima tare, aka riƙa kiransu 'yan mata uku.

Suna yana da nasa haraji. Ran 13 ga Janairu, 1957, a wani gidan wasa na unguwar Asakusa a Tokyo, wata yarinya 'yar shekara 19 daga cikin masu ƙaunarta ta watsa mata ruwan guba mai ƙuna a fuska. Allah ya taƙaita, ta warke, ta koma dandali.

Aure da 'yan'uwa

A 1962 ta auri Akira Kobayashi, tauraron silima kuma mawaƙi. Uwarta ba ta so auren ba, har ma ba a taɓa rubuta shi a ofishin hukuma ba. Mijin ya so ta rage waƙa ta zauna gida. Uwa da 'ya kuwa sun shaƙu har jaridu suna kwatanta su da tagwaye, uwar ce ke zaɓen aiki da sutura da wanda zai kusance ta. A 1963 uban ya rasu, a 1964 auren ya mutu, Taoka kuma yana zaune a wurin da aka bayyana wa 'yan jarida rabuwar. Ba ta sake aure ba, ba ta kuma haihu ba.

A shekarar da auren ya mutu ta fitar da Yawara, waƙa a kan kokawar judo, daidai lokacin da Tokyo ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Ta sayu fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, ta kuma ci babbar lambar faifai ta Japan a 1965. A 1966 ta yi Kanashii Sake, watau giyar baƙin ciki, wadda takan rera tana zubar da hawaye ba tare da muryar ta karkace ba. Duka biyun Masao Koga ne ya tsara kiɗansu.

A 1973 aka kama ƙanenta Tetsuya bisa laifuffukan da suka shafi 'yan daba. Shi kuwa yana cikin masu fitowa tare da ita a wasa. Hukumomin garuruwa da yawa suka ce ba za su ba ta zaurukansu ba muddin yana cikin tawagar. Zaɓi biyu ke gabanta, ta sallami ɗan'uwanta ta tsira da sunanta, ko ta riƙe shi ta yi hasara. Ita da uwarta suka riƙe shi. A ƙarshen shekarar babu sunanta a Kohaku, bayan ta shekara 16 a jere tana fitowa, sau da yawa ma ita ke rufe taron. Ba ta sake taka wurin ba sai 1979, shi ma a matsayin baƙuwa ta musamman, sau ɗaya. Har yau mutanen Japan sun rabu a kan wannan, wasu na ganin zumunci ta riƙe, wasu na ganin ta rufe ido ne ga ɓarnar da ƙungiyoyin nan ke yi wa jama'a. Daga baya ta ɗauki ɗan Tetsuya, mai suna Kazuya, ya zama ɗanta a hukumance.

Cikin wannan tsanani ne, a 1974, ta je bikin kiɗan zaman lafiya na farko a Hiroshima, ta rera Ippon no Enpitsu, watau fensir guda, waƙar da aka yi don tunawa da waɗanda bam ɗin 1945 ya kashe.

Shekarun ƙarshe

Daga 1981 mutuwa ta shiga gidanta. Cikin watan Yuli na shekarar Taoka ya mutu, ba a yi mako guda ba uwarta ta bi shi. A 1982 ƙawarta Chiemi Eri ta rasu, a 1983 Tetsuya, a 1986 ƙaramin ƙanenta Takehiko, su biyun kowanne yana da shekara 42. Ta ƙara yawan shan giya da taba, jiki kuma ya soma gazawa. Cikin Afrilu na 1987 aka kwantar da ita asibiti a Fukuoka, likitoci suka tarar hantarta ta lalace, ƙasusuwan ƙugunta kuma suna mutuwa don rashin jini. Mutane da yawa suka ɗauka ta gama waƙa ke nan.

Ran 11 ga Afrilu, 1988, ta fito a Tokyo Dome, sabon filin wasa mai rufi da aka buɗe wata guda kafin nan, a gaban mutum 50,000. An ajiye mata gado da tukunyar iskar numfashi a bayan dandali, da likita a tsaye. Ta rera waƙa 39, sa'an nan ta taka doguwar hanyar da aka shimfiɗa tsakiyar jama'a, wajen mita 100, tana ɗaga musu hannu. Tana kaiwa ƙarshe ta faɗi a hannun masu jiranta.

Ran 7 ga Janairu, 1989, Sarkin Japan Hirohito ya mutu. Bayan kwana huɗu aka fitar da faifanta na ƙarshe a rayuwarta, Kawa no Nagare no Yo ni, wanda ke kwatanta rayuwa da gudun kogi. Yasushi Akimoto ne ya rubuta waƙar, shi ne kuma daga baya, a 2005, ya kafa ƙungiyar 'yan mata mawaƙa ta AKB48. Wasanta na ƙarshe ta yi shi ran 7 ga Fabrairu a Kokura. Ta mutu ran 24 ga Yuni, 1989, a wani asibiti a Tokyo, sanadiyyar ciwon huhu, tana da shekara 52.

Ta bar waƙoƙi fiye da 1,200 da silima fiye da 150. Cikin watan Yuli na 1989 gwamnati ta ba ta Lambar Girmamawa ta Jama'a, ita ce mace ta farko da ta samu. A 1997 NHK, gidan da ya ƙi buga mata ƙararrawa tana yarinya, ya nemi ra'ayin jama'a a kan waƙar da ta fi shiga ransu, waƙarta ta kogi ta zo ta ɗaya. A 2019 gidan ya haɗa kai da kamfanin Yamaha aka sa kwamfuta ta kwaikwayi muryarta, aka rera sabuwar waƙa da ita a Kohaku. Wasu suka yi kuka don murna, wasu suka ce an sa matacciya aiki ba da izininta ba. Kabarinta yana Yokohama, garin da ubanta ya yi sana'ar kifi, gidanta na unguwar Meguro a Tokyo kuwa an mai da shi wurin tunawa da ita.