Ralph Stanley, makaɗin banjo

An haifi Ralph Stanley a shekara ta 1927, cikin duwatsun jahar Birjiniya, ƙasar Amurka. Uwarshi ce ta koya mashi kiɗin banjo. Banjo ɗan'uwan gurmi ne. Asalinshi yana wurin bayin da aka kwasa daga Afirka.

A majami'arsu kuwa ba a kiɗi. Da murya kaɗai ake yabon Allah. Nan Ralph ya koyi waƙa.

A 1946 shi da wanshi Carter suka kafa ƙungiyar kiɗin ƙauye, wanda ake kira bulugiras. Shekara 20 suna yawo tare. A 1966 Carter ya rasu. Ralph ya rasa abin yi, har ya yi tunanin bari. Sai wasiƙun masoya suka yi ta zuwa, suna roƙonshi ya daure. Ya sake ɗaukar banjo, ya ƙara ba waƙoƙin addini ƙarfi.

A 2002, yana da shekara 75, ya samu babbar kyauta ta Grammy. Waƙar kan mutuwa take, kuma da murya kaɗai ya yi ta, kamar yadda ya koya yana yaro.

Ya rasu a 2016, yana da shekara 89.