Labarin William Lever, Attajirin Sabulu

Galibinmu mun san sabulun Sunlight, amma kaɗan ne cikinmu suka san mutumin da ya raɗa masa suna, balle yadda harkarsa ta iso har gonakin gyaɗa na ƙasar Kano. Sunansa William Lever. An haife shi a Bolton, wani gari na arewacin Ingila, cikin 1851. Ubansa mai kanti ne, ya kuwa sa shi aiki tun yana da shekara 16. Aikinsa na fari shi ne yanka sabulu da naɗewa.

A zamanin nan dogon sanda a ke kawo sabulu, mai kanti ya yanka ya auna, kamar yadda a ke gutsura sabulun salo a kasuwanninmu. Lever ya ga abin da ba shi da suna ba a komowa nemansa. Sai ya yanka nasa daidai wa daida, ya naɗe, ya sa cikin kwali, ya buga suna, don mace ta shiga kanti ta ambace shi. Cikin 1885 shi da ƙanensa James suka kama wurin dafa sabulu a Warrington. Ciniki ya buɗe, har cikin 1888 ya soma gina gari sukutum don ma'aikatansa, ya kira shi Port Sunlight.

To, sabulu ba ya yiwuwa sai da mai, kwakwa kuwa ba ta tsiro a Ingila. Wannan shi ne abin da ya hana Lever barci har ƙarshen ransa. Ya roƙi Gwamnatin Ingila ta ba shi ƙasa a Afirka ta Yamma ya dasa kwakwar manja, aka hana shi. Sai ya nufi Kwango, inda Gwamnatin Beljiyam ta ba shi daji mai faɗin gaske cikin 1911. A nan fa labarin ya munana. Mutumin da ya gina wa leburorinsa na Ingila gidaje da makaranta da asibiti, shi ne kamfaninsa ya riƙa samun 'ya'yan kwakwa ta hanyar aikin tilas. Ba mu ga yadda kyawun Port Sunlight zai wanke wannan ba.

A wannan shekara dai hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, manoma suka dukufa ga gyaɗa. Babban mai saye shi ne Kamfanin Neja, cikin 1918 kuwa Alhassan Ɗantata ya zama wakilinsa na sayen gyaɗa. Lever ya soma yin man shafa wa burodi ban da sabulu, saboda haka man gyaɗa ma yana bukatarsa. Cikin 1920 ya saye Kamfanin Neja ɗungum, fam miliyan 8 da ɗoriya, bai ko tsaya an bincika littattafan kuɗi sosai ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala! Ashe akwai bashin banki wajen fam miliyan 2 a kansa. Kafin shekara ta ƙare kuma farashin kaya ya faɗi warwas. Saura kaɗan dukiyar shekara 35 ta nutse, sai wani akawun lissafi, D'Arcy Cooper, ya lallashi bankuna suka ba da rance.

Duk da haka tsohon bai haƙura da zancen ƙasa ba. Ya yi ta jayayya da Gwamna Clifford, wanda ya tsaya kai da fata a kan ƙasar Nijeriya ta zauna hannun manomanta. A nan Arewa ma tun 1910 doka ta hana a mallaka wa baƙo ƙasa. Mu duba, da an sakar masa, da watakila kakanninmu sun zama 'yan ƙwadago a gonakin ubanninsu. Abin da ya samu shi ne ma'aikatar sabulu a Apapa, kusa da Ikko.

Ya zo Nijeriya a farkon 1925, ya koma gida, ciwon haƙarƙari ya kama shi, ya mutu ran 7 ga watan Mayu. Bayansa, cikin 1929, aka gama Kamfanin Neja da wani aka sami U.A.C., kamfanin Lever kuma ya haɗu da na mutanen Holan aka sami Unilever. Cikin 2023 reshensa na Nijeriya ya ba da sanarwa zai bar sana'ar sabulu.