Waliyyi Faransis na Asisi, Abokin Matalauta da Daji

An haifi Faransis a Asisi, ƙasar Italiya, wajen 1182, ɗan wani attajiri mai fataucin yadi. Da Ubangiji ya taɓa zuciyarsa, sai ya mayar wa mahaifinsa kome, har rigar jikinsa, ya koma jinyar kutare, yana raba ɗan abin hannunsa da mabukata. Tausayinsa bai tsaya kan mutane ba. Ya hana almajiransa sare itace daga gindi in sun je neman na wuta, domin ya sake toho. Ya rasu a 1226. A 1979 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa shi waliyyin masu kula da muhalli. 'Yan'uwa, in muka rage kwaɗayi, maƙwabci zai samu, daji kuma zai huta.