Nana Asma'u 'Yar Shehu Da 'Yan Tarunta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a wajen shekarar 1793. Mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan, amma Shehu bai raɗa mata sunan da aka saba raɗa wa tagwaye ba, sai ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Ta tashi a gidan da mata ke karatu kamar yadda maza ke yi, domin Shehu ya sha zargin malaman da ke tara almajirai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gudu da mutuwar 'yan'uwa da idonta. Ta hardace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa. Daga baya aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

To, bayan rasuwar Shehu a 1817 ƙasa ta buɗe, mutane sun yawaita, amma ilmi bai bi su ba. Ƙauyuka cike suke da matan da suka karɓi Musulunci ba tare da sanin hukuncin tsarki ko na salla ba, ga kuma waɗanda yaƙi ya kawo daga Gobir da wasu wurare, waɗanda ba su san wata mafaka ba in ciwo ko baƙin ciki ya same su sai bori. Malami namiji ba zai shiga gidajensu ba, su kuma ba su da halin barin miji da 'ya'ya su tafi neman karatu. Wannan ita ce matsalar da Nana ta fuskanta, kuma a kanta ta kafa jama'ar da aka sani da 'Yan Taru a cikin shekarun 1830.

Ga yadda abin yake. A kowane ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, Nana ta naɗa ta jaji, watau jagorar ayari. Naɗin kuwa a bainar jama'a ake yin sa: a ɗora mata malafa, a naɗa jan rawani a kai. Malafar nan ba baƙuwa ba ce a idon matan ƙasar, don kuwa irinta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, take sawa. Nana ba ta ƙone alamar ba, sai ta canja mata ma'ana, har ya zamana matar da ta hango malafa ta san mai ilmi ce tafe. Wannan hikima ce da masu wa'azi da yawa suka rasa.

Jaji ita ke tattara masu zuwa, kuma ba kowa ake ɗauka ba. 'Yan matan da ba su isa aure ba da dattijan da suka wuce haihuwa su ne ke tafiya, matan aure kuwa su zauna a ɗakunansu su jira abin da za a kawo musu. Ayari ya kama hanya a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki, ɗauke da sadakar waɗanda aka bari a gida: hatsi, zuma, man shanu, zare. In sun iso, Nana ta karɓe su a ɗakinta, ta saurari tambayoyinsu da na waɗanda suka aiko su, ta yi musu addu'a. Kayan sadakar kuma ba ta ajiye su, takan raba wa mabukata.

Sabuwar shiga ba a ɗora mata manyan littattafai. Da waƙa ake fara mata, cikin harshen da ta sha a nono, domin wadda ba ta iya karatu ba tana iya hardacewa, ta rera tana kaɗi ko tana daka. Saboda haka ne Nana ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani cikin waƙa, ta mai da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa, ta kuma yi waƙar tawassuli da mata masu albarka, inda ta jero matan Annabi da 'ya'yansa da irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta haɗa da matan jama'ar Shehu, don yarinyar ƙauye ta san cewa zumuncin da ta shiga tsoho ne. Bayan salla da azumi, ana koya musu duba mara lafiya, da taimakon mai haihuwa, da wankan gawar mace, da sasanta masu husuma. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa manyan gidansu.

Ta ga rasuwar Bello a 1837, ta kuma ga ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri. Ta bar rubuce-rubuce wajen 60. Allah Ya karɓi ranta a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta a Sakkwato, Allah Ya jiƙanta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da naɗa jajoji da karɓar ayarin mata, bayanta kuma riƙon ya koma hannun Ta Modi.