Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, Malamin da Ya Sauƙaƙa Lissafi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ƴan'uwa ɗalibai, bana mun zaɓi mu kawo muku tarihin wani malami Musulmi wanda ya rasu fiye da shekara dubu da suka wuce. Dalilinmu kuwa shi ne, da yawa daga cikinmu muna gudun lissafi. Wasu na cewa ai wannan na ƴan lakwal ne, mu namu fiƙihu da nahawu. To amma ranar da malam ya kawo mu babin gado, kowa sai ya yi tsuru-tsuru, don babu mai iya raba gado in bai iya lissafi ba.

Sunansa Muhammadu ɗan Musa, an haife shi wajen shekara ta 780 Miladiyya. Laƙabin Alhawarizmi jingina ce ga ƙasar Hawarizma, wadda take bakin kogin Jaihun, kudu da tafkin Aral, yankin da mafi yawansa ke cikin ƙasar Uzbekistan a yau. Aikinsa kuwa a Bagadaza ya yi shi, zamanin Halifa Ma'amun na Abbasiyawa, wanda ya yi mulki daga 198 zuwa 218 bayan Hijira, wato 813 zuwa 833. A lokacin akwai babbar taskar littattafai ta halifa da ake kira Baitul Hikma, kuma malamai sun duƙufa wajen fassara littattafan Yunanawa da Farisawa da mutanen Hindu zuwa Larabci. Ibnu Nadim, mai littafin Alfihirist, ya ambaci Alhawarizmi cikin waɗanda suka lazimci wannan taska.

Wajen shekara ta 820 ya wallafa littafin da ya fi shahara da shi, wato Almuhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala. A gabatarwa ya bayyana cewa halifa ne ya ƙarfafa masa gwiwa, kuma nufinsa ya tara abin da ya fi sauƙi ya fi amfani, irin wanda mutane ke bukata wajen gado da wasiyya da rabo da shari'a da ciniki da awon gona da haƙar magudanan ruwa. Kun ga ke nan tun farko ya san waɗanda yake rubuta wa, su ne alƙali da ɗan kasuwa da mai awon fili.

Mene ne jabru? Mu da muka karanta babin shafa a kan jabira ai mun san kalmar, ɗori ke nan, irin na karaya. A lissafi ma haka yake. In an ce wani abu, an cire masa 3, ya rage 7, sai ka ɗora ukun nan ga ɓangarorin biyu, abin ya cika, ka ga 10 ne. Muƙabala kuwa ita ce ka gwama ɓangare da ɓangare, ka zubar da abin da yake iri ɗaya a cikinsu, kamar mai sikeli da ya ɗauke dutse guda daga kowane faranti. Da waɗannan dabaru biyu ya nuna cewa duk matsalolin da yake magana a kansu suna komawa ga iri shida kacal, ya kuma bai wa kowane iri hanyar warware shi.

Abin da zai ba ku mamaki, babu alamomi ko haruffan da ake cika allo da su yau a cikin littafin. Duk da magana ya rubuta shi, kamar malami yana zaune yana yi wa almajirinsa bayani. Abin da ba a sani ba ya kira shi shai'un, wato abu, ko jizri, wato saiwa. In an buga abin sau kansa, ya kira shi mal, wato dukiya. Adadin da aka sani kuma sau da yawa dirhami yake ce masa.

Ga misalinsa mafi shahara, mun faɗe shi da Hausarmu. Wani adadi ne, an buga shi sau kansa, an ƙara masa ninkinsa goma, jimla ta zama 39. Nawa ne? Hanyarsa ita ce ka raba goman nan biyu, ka sami 5. Ka buga 5 sau 5, ka sami 25. Ka tara da 39, ya zama 64. Ka nemi adadin da in an buga shi sau kansa zai ba da 64, shi ne 8. Ka cire biyar ɗin farko, saura 3. Jarraba ku gani: 3 sau 3 tara ne, 3 sau 10 talatin ne, tara da talatin 39.

Da a nan ya tsaya, da sai mu hardace kawai, gobe mu manta. Amma sai ya zana dalilin. Ku ɗauki tsinke ku zana murabba'i a ƙasa, kowane gefensa shi ne adadin da muke nema. Ku jingina masa fili mai faɗin 5 a gefen dama, wani kuma mai faɗin 5 a ƙasansa. Waɗannan ukun tare su ne 39. Yanzu ku duba kusurwa, za ku ga giɓi ya rage, tsawonsa 5 faɗinsa 5, wato 25. In kun cike giɓin, babban murabba'i ya fito mai 64, gefensa 8, kuma a cikin takwas ɗin biyar na filin da kuka jingina ne, uku na murabba'in farko. Wallahi ranar da muka zana wannan da hannunmu, sai muka daina tambayar me ya sa ake raba goma biyu, don idonmu ya gani.

To tsarin karantarwarsa ke nan. Ya fara kawo ƙa'ida a taƙaice, ya bi ta da misali warwararre daki-daki, ya nuna dalili da zane, sa'an nan ya jero matsaloli masu yawa don mai koyo ya saba. Kusan rabin littafin kuma a kan wasiyya da gado yake, inda ake samun bashi ko wasiyyar sulusi ta rikita rabon.

Bari mu kawo namu misalin, wanda ba daga littafinsa yake ba, don mu ga abin da ke kanmu. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ƴaƴa maza biyu da mace ɗaya, dukiyar da ta rage bayan biyan bashi jikka 120 ce. Mata tana da tumuni, uwa tana da sudusi. Asalin mas'alar 24 ne: mata 3, uwa 4, saura 17. Ƴaƴan kai biyar ne, tun da namiji na da rabon mata biyu, kuma 17 ba ta rabuwa biyar. Sai a buga 24 sau 5 ya zama 120. Mata ta ɗauki jikka 15, uwa 20, kowane namiji 34, mace 17. Wanda ya hardace tumuni da sudusi amma ya kasa wannan bugun, zai iya tauye marainiya haƙƙinta yana zaton ya yi daidai. Allah ya tsare mu.

Alhawarizmi bai tsaya ga jabru kaɗai ba. Ya rubuta littafi kan lissafi da alƙaluman mutanen Hindu, wato ɗaya zuwa tara da sifiri, inda darajar alƙalami take bin gurbinsa. Asalin Larabcin wannan littafi ya ɓata, fassararsa ta Latin ce ta rage. Ya tsara jadawalin taurari da ake kira Zijus Sindihind, ya kuma rubuta Kitabu Suratil Ardi, wanda ya ƙunshi matsayin wurare fiye da 2,000, birane da duwatsu da koguna da tekuna. Ya rasu wajen shekara ta 850.

Bayansa malamai irin su Abu Kamil na Masar sun ɗora a kan aikinsa. A shekara ta 1145 wani Bature mutumin Ingila, Robat na Cesta, ya fassara littafin jabru zuwa Latin a ƙasar Sifen. Daga kalmar aljabru Turawa suka sami sunan darasin aljabra da ake koyarwa a makarantu yau. Daga laƙabinsa kuma, bayan bakinsu ya karkatar da shi, suka sami kalmar algorizim, wato jerin matakan da ake bi a warware matsala, irin waɗanda kwamfuta da wayar hannu ke aiki da su.

Saboda haka muna roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, in an zo darasin hisabi a riƙa fara mana da misalin gado ko zakka ko kasuwa, a warware ɗaya a gabanmu, a bar mu mu zana, kafin a ce mu hardace. Ku kuma ƙannenmu na ƙananan azuzuwa, ga aikin hutu: adadi an buga shi sau kansa, an ƙara masa ninkinsa shida, ya zama 16. Ku zana shi a ƙasa kamar yadda muka nuna, ku kawo mana amsa in an dawo.

Allah ya jiƙan Muhammadu ɗan Musa, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.