Samuel Coleridge-Taylor: ɗan likitan Saliyo da aka saye fasaharsa a kan fam 15 da sule 15

A watan Yulin 1894 ɗaliban Kwalejin Kiɗa ta Masarautar Ingila da ke Landan suka gabatar da wani kiɗa na mutum tara: huɗu masu busa, huɗu masu kayan tsirkiya dangin goge, sai mai fiyano guda. Tsara irin wannan kiɗa aiki ne mai wuya, domin ƙaho da algaitar Turawa sukan danne sautin goge, fiyano kuma yakan danne kowa in ba a yi hattara ba. Wanda ya tsara shi, Samuel Coleridge-Taylor, yana da shekara 18 kacal. Ba a buga takardun kiɗan ba a rayuwarsa. Sai da suka haura shekara ɗari a ajiye kafin a fito da su.

An haife shi a Landan ranar 15 ga Agusta, 1875. Mahaifinsa, Daniel Taylor, likita ne ɗan Saliyo da ya yi karatu a Ingila, ya koma Afirka ta Yamma kafin haihuwar yaron. Mahaifiyarsa Baturiya, Alice Martin, ita ta rene shi a Croydon. Ya shiga kwalejin yana ɗan shekara 15, ya koyi tsara kiɗa a hannun Charles Stanford.

Sunansa ya fito ne a 1898 da "Hiawatha's Wedding Feast", waƙar taron mawaƙa da makaɗa wadda ta mamaye Ingila. A nan ne kuma aka yi masa sakiyar da ba ruwa. Matashi ne mai buƙatar kuɗi, sai ya sayar wa kamfanin Novello haƙƙin mallakarta baki ɗaya a kan fam 15 da sule 15. Kamfanin ya sayar da dubban ɗaruruwan kwafi, shi kuwa ba shi da kaso a cinikin. Babu dokar da aka karya, kuma wannan shi ne abin takaicin.

Bai ɓoye asalinsa ba, ko da dangin matarsa Jessie suka nuna ƙin aurensu saboda launin fatarsa. A 1900 ya halarci taron haɗin kan baƙar fata na farko a Landan, inda W.E.B. Du Bois ma yake. A 1904 Shugaba Theodore Roosevelt ya karɓe shi a Fadar White House, a zamanin da wariyar launin fata ke cin karenta ba babbaka a Amurka.

Sai dai shahara ba ta ciyar da iyali. Koyarwa, jagorancin makaɗa, alƙalancin gasa, duk ya haɗa domin rufin asiri. A ƙarshen Agustan 1912 ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa ta West Croydon, ciwon huhu ya yi ajalinsa ranar 1 ga Satumba yana da shekara 37. Da aka gano halin da ya bar iyalinsa, surutu ya tashi a jaridu, Sarki George na Biyar ya yanka wa matarsa fanshon fam 100 a shekara. A 1914 aka kafa ƙungiyar Performing Right Society domin karɓar wa masu tsara kiɗa kuɗinsu duk lokacin da aka kaɗa aikinsu a bainar jama'a, kuma ana lissafa shari'ar rayuwarsa cikin dalilan kafa ta.